Gadin da Aka Ɗora wa Yaya

Su huɗu ne a gidan: Baba, Mama, Yaya da Auta. Baba mai yankan gilashi ne, shagonsa manne yake da gidan, ƙofa ɗaya ce ta raba su. Mama tana wanki da guga a wani otal. Yaya ce babba, shekararta goma sha ɗaya, kuma tun da ƙaninta ya buɗe baki ya kira ta Yaya sunan ya bi ta, har malamanta haka suke kiranta. Auta bai daɗe da shiga firamare ba. Tukunyarsu ba ta kwana a bushe, rufinsu ba ya yoyo, ranar Lahadi kowa yana da rigar da zai sa. Abin da babu a gidan shi ne hayaniya. Ba a faɗa, ba a kuma dariya. Cokali ma a hankali ake ajiye shi.

A da akwai hayaniya, har ta yi yawa. Baba ba ya sha, ba ya caca, ba ya yawon banza, amma zuciyarsa a kusa take, hannunsa kuma yakan riga bakinsa. Wata rana Auta ya tunkuɗe gwangwanin kananzir da Baba yake tsoma abin yanka a ciki, Baba ya mare shi. Tun daga ranar kunnen hagun Auta ya daina ji. Da likita ya ce ba zai dawo ba, Baba ya fito daga asibiti bai nufi gida ba. Ya wuce coci, ya zauna a bencin baya, har mai shara ya zo ya share ko'ina ya bar wurin ƙafafunsa. A nan Sajan ya same shi.

Sajan tsohon soja ne, dattijo a ikilisiya, shi ke shugabantar addu'ar maza. Yana ɗingisa ƙafa ɗaya, kuma komai a bakinsa yaƙi ne, ko gaisuwa ce. Bayan Baba ya tuba a gaban jama'a, Sajan ya biyo shi gida, ya zauna a falo ya miƙe ƙafar.

"Kurtu," in ji shi, don haka ya laƙaba wa Baba, "ka tuba, Ubangiji ya gafarta maka, wannan ya wuce. Amma maƙiyi bai yi ritaya ba. Ya san gidan nan, ya daɗe yana kwana a ciki. Zai riƙa zagayowa yana duba ko an bar masa ƙofa."

"To, ya zan yi, Sajan?"

"In ka ji shi yana tasowa, kada ka tsaya a tsaye. Zauna a ƙasa, ka danne hannuwanka, ka kira sunan Yesu, ka sa a kira ni. Soja ba ya kunyar neman ɗauki."

Mama tana bakin kicin da tiren shayi a hannu. Ta ji duka, amma maganar ƙofa ce ta zauna mata. Bayan baƙo ya tafi ta ja Yaya bayan randar ruwa, ta ce, "Kin ji abin da Sajan ya ce, ƙofa yake nema. Ni ina wurin aiki, ke ce a gida. Kada ki bar masa ƙofa ko ɗaya."

Haka Yaya ta fara gadi. Kafin Baba ya shigo daga shago takan zagaya gidan da ido. Takalmin da aka bari a hanya, ta kawar. Ruwan da ya zube, ta goge. Abin da ya karye kuma, akwai wani kwali a ƙarƙashin gadon Mama, can yake zuwa: kofin da hannunsa ya cire, farantin da ya tsage, rigar makarantar da ƙusa ta yaga, tocilar da Auta ya kwance ya kasa mayarwa. In Baba ya tambayi abu, amsar tana nan a shirye, an ara wa maƙwabta. In maƙwabci ya zo da ƙorafi, Yaya kan tare shi tun daga waje. Ta koya wa Auta tafiya ba takalmi a cikin gida, da wasa ba sauti, da haɗiye kuka. Takan tsaya a damansa ta raɗa masa, "Kuka ƙofa ne." Shi kuma ya gyaɗa kai.

Da farko tsoro ne yake tuƙa ta. Daga baya tsoron ya lafa, ya zama aiki kawai, kamar wanke-wanke. Ta iya karanta kafaɗun Baba daga baya, ta san kafaɗar gajiya, ta san ta ciniki mai kyau. Muryarta ta yi ƙasa ta zauna a can. A makaranta malama takan ce, "Ɗaga murya, Yaya, ba mu ji," sai ta maimaita da muryar da ta fara.

Baba kuwa ya ga gida ya yi luf, ya ɗauka nasara ce. Yakan ci abinci ya yi godiya, ya jagoranci addu'ar iyali, ya daɗe a durƙushe. Bai sake ɗaga hannu ba. Bai kuma sami abin da zai ɗaga hannu a kansa ba.

Kowace Lahadi a ƙofar coci Sajan yakan fito da wayarsa ya girgiza ta.

"Kurtu, wayar nan har yanzu shiru. Ko ka ɓatar da lambata ne?"

"Alherin Ubangiji ne, Sajan."

Wata Lahadi Sajan ya ɗora da cewa, "To na ƙara maka girma. Daga yau kai kofur ne. Igiyar muƙamin sai an ɗinko."

Da shekara ta zagayo, Sajan ya je wurin fasto, aka tsayar cewa Lahadi mai zuwa Baba zai tsaya a gaban ikilisiya ya ba da shaida. Mama ta goge masa farar riga tun ranar Alhamis, ta rataye ta a bayan ƙofa cikin leda.

Ranar Asabar da rana Baba ya gama wani dogon madubi da mai askin bakin titi ya sa a yanka masa. Ya goge gefunan har suka daina cizo, ya jingina shi da bango a kan tsohon bargo, sannan ya ɗauki tef ɗin awo.

"Zan je in auna wata taga. Yaya, kula da shago."

"To, Baba."

Auta yana son madubi, don a cikinsa ake yin wasa ba sauti. Ya tsaya ya murguɗa baki, ya zare ido, ya duba haƙorin da yake girgiɗi. Da ya gaji da wannan sai ya ɗauko ƙaramar kujerar katako, ya kifa ta, ta zama mota. Yana tura ta yana kallon direban da ke cikin madubi, direban ma yana tahowa.

Yaya tana bakin ƙofa, ta gefen hagunsa. Ta ga inda motar ta dosa. "Auta," in ji ta. Da muryar gida ta faɗa, wadda ko mai kunne biyu sai ya saurara. "Auta, tsaya." Ta nemi babbar murya a maƙogwaronta, ba ta same ta ba. Kusurwar kujerar ta taɓa madubin. Ƙarar ba ta da yawa. Tsaga ta tashi daga ƙasa ta haura kamar reshe, wani yanki ya ɓalle, Auta ya kai hannu ya tare shi don kada ya faɗi ya yi ƙara.

Bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa yana cika da jini, sannan ya kalli Yaya.

Ita kuwa ba ta ji komai ba. Hannuwanta ne suka kama aiki. Ta naɗe masa hannun da hankici, ta zaunar da shi, ta share ɓarɓashin, ta goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ta mayar da kujera mazauninta. Da ta gama ta tsaya a gaban madubin. Wannan ba ya shiga kwali.

A haka Mama ta dawo, don ranar Asabar rabin wuni suke yi. Ta kalli madubin, ta kalli yaran, ta ajiye jakarta a hankali.

"Gobe ne shaidar," ta ce. Ba da kowa take ba.

Ta kai Auta bakin famfo ta ɗauraye hannun da sauri, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta sa masa riga mai dogon hannu.

"Mama, wani abu yana sukata a ciki."

"Yi haƙuri, zai daina. Ka je ka kwanta, ka sa hannun a ƙarƙashin filo. In Baba ya tambaya, barci kake yi." Ta juyo wurin Yaya. "Ni ce na fasa. Na shigo da bahon wanki na buge shi. Kin ji?"

"Na ji."

"Ni ba zai yi mini komai ba. Ko ya yi ma, gara ni."

Baba ya dawo da yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna. Yaya ta ji takunsa ya tsaya a tsakiyar shago. Mama ta fita ta faɗi maganar baho yadda ta shirya ta, ta ba da haƙuri. Yaya tana tsaye a ƙofar da ta raba gida da shago, tana kallon kafaɗunsa. Ba su motsa ba.

"Ba komai," in ji shi. "Gilashi ne, za a yanka wani."

Da ya tsaya a nan, da shi ke nan. Amma mai sana'a ba ya ganin tsaga ya wuce. Ya tsuguna, ya bi ta da yatsa yana gangarowa har inda ta faro, ƙasa sosai, ko gwiwa bai kai ba.

"Baho ba ya duka a nan," ya ce a hankali. Ya waiwaya ya ga kujera, ya shafa kusurwarta, ya kalli yatsansa. Sannan ya ɗaga gefen bargon. Akwai ɗigo biyu a wurin, sun bushe sun yi baƙi. Yaya ba ta duba ƙarƙashin ba.

"Jinin wa ne wannan?"

Ya miƙe tsaye ya sake tambaya.

"Ina Auta?"

"Barci yake yi," in ji Mama.

Ya wuce su ya shiga ɗaki, ya fito da yaron falo inda akwai haske. Ya kwance tsumman. Tafin hannun ya kumbura, bakin yankan ya yi ja. Baba ya danna gefensa kaɗan da babban yatsa. Auta ya sandare, hawaye suka zubo, amma bakinsa a rufe yake gam.

"Akwai gilashi a ciki. Tun yaushe?"

"Tun da rana," in ji Yaya.

Ya sunkuya ta daman yaron. "Tun da rana yana cinka, ba ka yi kuka ba?"

Auta ya shanye majina. "Kuka ƙofa ne."

"Wace ƙofa?"

"Ta Shaiɗan. Yaya ta ce in na yi kuka zai shigo ya shiga jikinka."

Baba ya miƙe. Yaya ta ga kafaɗun sun hau, irin hawan da ta shekara ba ta gani ba, ta gane shi nan take kamar fuskar tsohon maƙwabci.

"Ke kika gaya masa haka?"

"E, Baba."

"Kuka bar yaro da gilashi a nama wuni guda, kuka yi mini ƙaryar baho?" Muryar ta fara cika ɗakin. "Ni dodo ne a gidan nan? Ni kuke wa wasa da hankali?"

"Baban yara," in ji Mama, "don Allah."

Bai ji ta ba. Ya cafki wuyan hannun Yaya ya fizgo ta, ɗaya hannun ya tashi sama. Yaya ta kalli hannun. Ta ga farare-fararen tabon yanka a yatsunsa, ta ga baƙin kananzir a ƙarƙashin farcensa. Ba ta ji tsoro ba. Abin da ya zo mata tunani ne mai sanyi: wane kunne za ta bayar? A aji tana zaune ta gefen taga, da kunnen dama take jin malama. Sai ta juya kanta kaɗan, ta miƙa masa na hagu, ta jira.

Hannun ya tsaya a sama. Baba yana kallon kunnen da aka miƙo masa. Yatsunsa suka saki hannunta ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sulale ƙasa, a nan tsakiyar falo, ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su da nauyinsa.

"Yesu," ya ce. Numfashinsa yana fita da ƙyar. "Yesu, Yesu." Can ya ce, "A kira Sajan."

Mama ta rungume Auta a jikin bango, ta kasa motsi.

"Wayar tana aljihun rigata. Ba zan fito da hannuna ba. Wani ya ɗauka."

Yaya ta matsa. Rabon da ta kusance shi haka har ta manta. Ta sa yatsu biyu a aljihun ƙirjinsa, ta ji zuciyarsa tana dukan wayar ta bayan yadi, da ƙarfi, da sauri. Idanunsa a rufe suke, zufa tana bin wuyansa. Ta zaro wayar ta nemo sunan Sajan ta kira, ta ce, "Baba ya ce ka zo," ta kashe.

Sajan ya iso da silifas, da kumfar aski a kumatu ɗaya. Ya tsaya a ƙofa ya duba kowa da kowa, ya duba hannun Auta, ya duba wuyan hannun Yaya. Sannan ya dafa kujera ya sauka ƙasa da ƙyar, ya zauna kusa da Baba, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Yau dai wayata ta yi aikin da na saye ta dominsa. Ina ya kai?"

"Na kama ta. Na ɗaga hannu."

"Ka sauke a kanta?"

"A'a. Amma ban san ko ni na tsayar da shi ba."

"To."

Yaya ta ɗauka za a yi irin addu'ar da ake yi a taron maza, wadda ake jiyowa daga titi, ana tsawata wa maƙiyi ana buga ƙafa. Sajan ya ɗora hannu a bayan wuyan Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da rahoto. Ya ce, Ubangiji, ga bawanka, an kawo masa hari, ya ji rauni, bai gudu ba. Ka tsaya masa, ka tsaya wa yaran nan da uwarsu. Suka zauna a haka. A waje wani yana kiran ɗansa ya zo ya yi wanka.

Da numfashin Baba ya daidaita, Sajan ya ce, "Akwai aiki. Idona ba ya ganin sartse, kuma a nan ba wanda ya san gilashi kamarka. Fito da hannun mu gani."

Baba ya zaro su. Suna rawa.

"Mayar. Mu ƙara jira."

Suka ƙara jira. A karo na gaba rawar ta ragu. Baba ya wanke hannu da sabulu, Yaya ta ɗauko hantsaki daga shago, da auduga da aidin, ba tare da an aike ta ba. Mama ba ta saki Auta nan da nan ba. Ta kalli Sajan, ya gyaɗa mata kai, sannan ta kawo yaron ta zaunar da shi a cinyarta, ta riƙe masa gwiwar hannu. Baba ya zagayo ta damansa ya durƙusa.

"Zai yi zafi. In ya yi zafi, ka yi kuka."

Auta ya kalli Yaya. Ita kuwa ta kalli ƙasa.

Hantsakin ya shiga. Auta ya jure, ya jure, sannan ya buɗe baki. Kukan ya fito a shaƙe, daga baya ya buɗe sosai, ya cika falo ya fita ta taga. Baba bai ɗaga kai ba. Ya zaro wani siririn gilashi kamar ƙayar kifi, ya ɗora a kan auduga, ya sake dubawa, ya sa aidin, kukan ya ƙaru.

"Haka ne, Janar," in ji Sajan. "Ba su labari. Gobe da safe a kai shi a duba, ko da allura ce."

Bayan an naɗe hannun, Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Aka ji tana jan abu a ƙasa. Ta fito da kwalin ta ajiye a gaban mijinta, ta koma ta zauna. Baba ya ɗaga kofin da ba hannu, ya juya shi.

"Wannan ba shi aka ara wa maƙwabta ba?"

"Duk abin da aka ara wa maƙwabta yana nan," in ji Mama. Ta gaya musu yadda aka yi, tun daga ranar tiren shayi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

Sajan ya shafa kumatunsa, ya ga kumfa a hannu, ya goge a wando. "Maman yara, ashe soja yana baya, yara ne a gaba. Ni ina ta ƙara masa girma, shi kuwa ko ƙarar harsashi bai ji ba. Ƙofar da nake nufi a ƙirjinsa take, ba a kicin ba."

"Kai kana gidanka, Sajan," in ji Mama. "Ni na riƙe yaron nan a asibiti lokacin da likita yake magana. In ka ce mini ƙofa, zan rufe duk wadda hannuna ya kai."

Sajan ya juyo gare ta. "Gaskiyarki," ya ce. "Na ba shi umarni, ke ban ba ki komai ba. To ga naki. In ya taso, ba tsayawa za ki yi ba, ba kuma ɓoye kofi ba. Ki kwashi yaran ku taho gidana, matata tana nan, ko ina nan ko ba na nan. Wannan ba tonon asiri ba ne, ba zunubi ba ne. Kofur, ka ji?"

"Na ji. Haka za a yi."

"Gadi kuma an tashe shi daga yau. 'Yata, kin ji?"

Yaya ta ce ta ji. Amma da Sajan ya tashi tafiya ya ture silifas ɗin Auta zuwa tsakiyar hanya, sai da ta kawar da shi kafin ta tuna.

Ranar Lahadi, bayan an fito daga wurin allura, suka isa coci an fara waƙa. Baba yana sanye da farar rigar. Da lokaci ya yi fasto ya kira shi, ya gabatar da shi da kalmomi masu daɗi, mai ganga ya gyara zama yana jiran inda za a yi tafi. Baba ya riƙe makirfo da hannu biyu.

"'Yan'uwa, an ce in zo in gaya muku na yi nasara. Jiya na kama 'yata, na ɗaga mata hannu. Ubangiji bai bar shi ya sauka ba. Abin da na tuba a kansa bai mutu ba, yana nan, iyalina ne suke ta kauce masa ban sani ba. Yanzu na fara. Ku yi mini addu'a, ku kuma riƙa tambayar matata, kada ku tambaye ni kaɗai."

Ya miƙa makirfo ya sauko. Ba a yi tafi ba. Wata tsohuwa a gaba ta ce amin, ita kaɗai. Mai ganga ya ajiye sandunansa. Fasto ya ɗan tsaya, sannan ya ce kowa ya miƙe a yi addu'a. Yaya ta miƙe tare da jama'a. Ta lura wasu mata suna satar kallon hannunta, sai ta ja hannun rigarta ta rufe shatin yatsun.

A ƙofa Sajan ya tare su. "Na ƙwace igiyar. Ka koma kurtu. Ranar Laraba ka zo da wuri, kai za ka jera benci."

"To, Sajan."

A hanyar gida Mama da Auta suna gaba, Auta yana ɗaga naɗaɗɗen hannunsa yana nuna wa duk wanda ya sani. Baba ya rage tafiya har Yaya ta zo daidai shi.

"Yaya, ki gafarta mini. Na jiya, da na shekarar nan duka."

"Ba komai, Baba."

"Da komai," in ji shi. "Ba sai kin amsa yau ba."

Suka ci gaba da tafiya. Ta duba cikin ranta ko za ta sami murna, ko haushi, ko sha'awar kuka. Ba ta sami ko ɗaya ba, sai gajiya, da zafin rana a tsakiyar kai. Abin da ta gane kaɗan ne, amma ta gane shi sarai. Fushin Baba zai sake zuwa. In ya zo, Baba ne zai tare shi, shi da Ubangiji da mutanen da zai kira. Ba aikinta ba ne, ita yarinya ce.